Gaurakin Malam Bulus

Ku ɗiyana, na sha jin ku kuna gaya wa baƙi cewa tsufa ne ya sa na yi sanyi da Baffanku Alhaji Sani. Wasunku kuma suna raɗa cewa hassada ce, don shi ya yi arziki da sayar da yadi, ni kuwa na ƙare a kan fata da basilla. Har na taɓa jin Nasiru yana ce wa matarsa, wai Baba haka yake, ba a iya masa. To ba tsufa ba ne, ba kuma hassada ba ce. Zan rubuta abin da ya faru da hannuna, ba kuwa don in wanke kaina ba, domin a cikin maganar nan babu wanda ya kai ni datti. Ku bari ku kai ƙarshe kafin ku fara yi mini fassara.

Da muka bar gidan gado na Ƙofar Atiku muka koma Mabera, maƙwabcinmu na jikin katanga wani malamin makaranta ne mutumin Filato, Malam Bulus. Manyanku sun san shi, sun ci shinkafar Kirsimetin gidansa har sun gaji. Amma ba ku san da faɗa muka fara ba. Wata safiya na fito na tarar da shi tsaye a lungu, ya kafa wani madubin hangen nesa a ido, ya ɗaga kai wajen gidajen mutane. Raina ya ɓaci nan take, don a garin nan ba a yi wa mutum haka, gidajen nan cike suke da matan aure. Na nufe shi ko sallama ban yi ba.

"Malam, mi kake leƙe cikin gidajen mutane?"

Ya cire abin daga wuyansa ya miƙo mini.

"Duba dogon yaron can, reshen dama. Yi a hankali, kada ka kore ta."

Tsirya ce. Ni da na tashi cikin rinin fata, na san ja, na san kore, na ɗauka babu launin da zai ba ni mamaki, sai ga koren da ban taɓa iya haɗawa a tukunya ba yana zaune a kan reshe yana gyara fiffike. Na daɗe ban sauke abin ba. Daga ranar na shiga wannan hauka, kamar yadda Innarku take kiranta, kuma ban fita ba sai da na fitar da kaina.

Kowa da littafinsa. A kowace shekara sai mu buɗe sabon shafi mu dinga rubuta duk irin tsuntsun da muka gani a cikin gari da fadama: suna, rana, da wurin da aka gan shi. Mun yi gardamar ranar da shekara za ta fara, shi yana cewa Janairu, ni ina cewa Muharram, har muka gaji muka bar wa shamuwa hukunci. Ranar da ɗayanmu ya ga shamuwar fari ta sauka gabanin damina, ranar tsohuwar shekara ta rufe, sai mu zauna a zaurena mu yi musayar littafi, kowa ya duba na ɗan'uwansa ya sa hannu a ƙasa. Muna da dokoki. Tsuntsun keji ba ya shiga. Na kasuwa da aka ɗaure wa ƙafa ba ya shiga. Wanda ka ji kukansa ba ka gan shi ba, ka riƙe abinka a kunne. Shi yana da sunayen Turanci a wani littafi mai hotuna, ni kuma ina bin masunta da tsofaffin fadama ina samo na Hausa: kirinjijiya, jinjimi, zalɓe, carki, cilakowa, ragon maza. Yana kirana Sarkin Dukawa, ina kiransa Mai Alli. Ranar Asabar bayan asuba zai buga mini ƙofa sau biyu, in fito in hau bayan babur ɗinsa, Innarku tana bin mu da baki.

"Sa'o'inka na tara jikoki, kai kana tara hankaki. Allah shi shirya!"

Tsuntsu ɗaya ne ya ƙi shiga littafin kowa, gauraka. Ina yaro na gan su garke-garke a fadama, kukansu kan cika gari idan suna wucewa. Kafin in yi furfura sun ƙare ƙaf. Ba ka ganinsu sai a gidajen manya, an yanke musu fiffike suna yawo a tsakar gida don baƙo ya shigo ya ce lallai mai gidan nan ya isa. Shekara da shekaru muna duba, babu. Sai wata rana bayan kaka, ruwa ya fara ja, Malam Bulus ya zo rumfata a kasuwa, abin da bai saba ba, ya tsaya yana ta juya hularsa a hannu. Ya ce gobe in sa takalmin da ba na tausayi. Washegari muka bar babur wurin wani manomi, muka kutsa cikin taɓo har gwiwa, tafiya mai nisa, sai da muka kai wasu giginyu uku, bayansu akwai ɗan tafki da ciyawa ta rufe. Ya dafa kafaɗata ya durƙusar da ni. Ga su nan su biyu, da tukkunsu kamar an ɗaura musu tsintsiyar zinariya, ɗaya na kiwo ɗaya na gadi. Wallahi ban san hawaye na zubo mini ba sai da na ji gishiri a baki. A hanyar dawowa ya tsaya ya dube ni sosai.

"Malam Umaru, ko matata ban gaya wa ba. In aka ji, ba za su kwana uku ba. Amana na ba ka."

"Haba Malam Bulus! Wallahi bakina ba ya hwaɗi ma kowa."

"Kuma kada ka rubuta wurin. Suna da rana sun isa."

Na ce to. Amma da na koma gida na buɗe littafi, sai gurbin nan ya tsaya mini a rai. Ni baduku ne, ubana ya koya mini da bulala cewa ba a tsallake ɗinki ko da a cikin jaka ne inda ido ba ya kaiwa. Layi-layi duk a cike, sai wannan ɗaya, mafi girma, a bar shi da rami? Na ɗauki biro na cika shi, har da inda ake ajiye babur, har da giginyun. Ranar musayar littafi na ɗora yatsa a kan wurin, shi kuma ya yi kamar bai lura ba. Wannan wauta ta fari ke nan. Ta biyu kuwa, a wani taron suna a Ƙofar Atiku, ana hirar da, wani tsoho ya ce ai gauraka ta ƙare a ƙasar nan, sai girman kai ya ɗebe ni na ce, wanda bai san inda zai duba ba ne yake cewa haka. Baffanku yana zaune kusa da ni yana ɓare goro, kuma shi ba ya mantuwa.

Shekara uku muna zuwa muna ganinsu, mu biyu kawai. A shekara ta huɗu ne gidanmu ya yi zafi. Nasiru ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya zauna. Kullum da safe ya goge rigar nan tasa guda, ya ɗauki takardu a ambulan ya fita, da azahar ya dawo ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Ƙannensa mata sun daina dariya da ƙarfi idan yana nan. Innarku ta rame. Duk wanda ta ji yana da ɗan'uwa a wani ofis sai ta yi masa fura ta aika. Ni kuwa ba ni da kowa, ban san kowa ba sai masunta da masu jima, kuma a garin nan takarda ba ta tafiya da ƙafarta sai an ɗauke ta.

Ana nan sai ga Baffanku a mota, ya zauna a zaurena ya baza babbar riga. Ya ce akwai wani babban mutum a Arkilla, ba zan rubuta sunansa ba, wanda in ya ɗaga waya sau ɗaya an ɗauki yaro aiki. Mutumin yana da ɗawisu a gida, yana da jimina, yana da barewa, abu ɗaya ya rasa, kuma ya faɗa a gaban jama'a cewa duk wanda ya gaishe shi da gauraki biyu ya gama masa komai.

"Ina kag gan su, Umaru?"

"Yaya, amana ta. Ba ni iyawa."

"Amanar wa? Tsuntsu na hwa, ba mutum na ba! Ɗanka na ruɓewa cikin ɗaki, kai kana riƙon amanar tsuntsu da wani baƙo? In ya tashi komawa garinsu da kai za shi?"

Na ce ya yi haƙuri. Ya tashi ya kaɗe riga, ya shiga cikin gida ya gaisa da Innarku, ya daɗe. Da ya tafi ta fito ta same ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Malam, shekara talatin ban taɓa roƙonka zane ba. Yau ina roƙonka ɗana."

Na yi kwana da kwanaki ina ƙi. Abinci ya daina yi mini daɗi a gidan, kowa na ajiye mini kwano ya wuce. Shi Nasiru bai taɓa yi mini maganar ba, ban ma sani ko ya san da ita ba. Sai wata rana ƙanwarsa ta tsinci wata 'yar jaka a ƙarƙashin gadonsa, ya haɗa kaya, da takalmi sabo, da kwafin takardunsa a leda. Aka matsa masa, ya ce abokansa biyu za su bi ta Agadas su tsallaka hamada, shi ma ya ba da sunansa. Innarku ta zauna daɓas a tsakar gida ta ɗora hannu a ka. Na san gidaje biyu a Mabera da yaransu suka bi hanyar nan, har yau ba a yi musu zaman makoki ba, ba a kuma daina jiransu ba.

Ranar Juma'a Baffanku ya dawo. Ga abin da na yi, ku ji shi da kyau, don a cikinku ba wanda ya taɓa ji. Muna zaune a kan tabarma yana ta magana. Aka kira la'asar. Na miƙa hannu na ɗauko littafin daga saman kantar zaure, na buɗe shafin, na shimfiɗa shi a kan tabarma tsakanina da shi, har na ɗora basilla a kai don kada iska ta juya takardar. Sannan na ce, bari in yi alwala. Na shiga na ɗauki buta. Ban taɓa yin alwala mai tsawo irin ta ranar ba, kowace gaɓa sau uku a natse, ina wanke hannu ina sanin abin da ake yi a zaure. Da na fito littafin na rufe, basilla na gefe, Baffanku yana duban silin yana yi mini hirar tsadar shadda. Muka tafi masallaci tare, kafaɗa da kafaɗa. A cikin sahu ina ce wa raina, ai rantsuwar da na yi a kan baki ce, kuma bakina bai faɗa ba. Tir da wannan wayo! Da na buɗe baki na faɗa kamar namiji, da na fi ganin mutuncin kaina.

Ranar Asabar na ce wa Malam Bulus ciwon baya ya kama ni. Asabar ta gaba ma haka. Ranar Litinin da ta biyo sai ga shi a rumfata, wandonsa da busasshen taɓo har gwiwa, daga fadama yake, bai ma je makaranta ba. Ya ajiye mini wani guntun igiya mai zarge da gashin fiffike uku a kan fatar da nake yanka.

"Sun kama ɗaya. Ɗayar tana ta kewaya tafkin tana kuka, ta ƙi sauka. Tun safe nake tsaye."

"Inna lillahi! Wa ya yi wanga aiki?"

"Shi nake tambaya."

"Wallahi Malam, bakina bai hwaɗi ma kowa ba."

Ya dube ni. Ya dubi jakar da nake sa littafin a ciki, tana rataye a ƙusa. Ya sake dubana.

"Bakinka," ya ce. "To."

Ya kwashe igiyarsa ya bar mini gashin.

Bayan kwana kaɗan Baffanku ya ɗauke mu ni da Nasiru zuwa Arkilla, wai a ga uban yaro. Aka zaunar da mu a benci wajen motoci har rana ta take. A nan na ga wadda aka kama. An yanke mata fiffike ɗaya har ya yi jini ya bushe, tana tafiya a karkace tsakanin tayoyi, tana shan ruwan kumfar da aka wanke mota da shi. Tukkun ya kwanta gefe guda. Na tashi na nemi roba na ɗebo mata ruwa mai kyau a famfo, mai gadi yana yi mini dariya. Da babban mutumin ya fito, ko inda take bai duba ba. Ya miƙa mana yatsu muka gaisa a durƙushe, ya ce wa Baffanku, ai biyu na ce, Alhaji. Baffanku ya yi ta ba da haƙuri kamar mun yi masa sata. Duk da haka ya karɓi ambulan ɗin ya miƙa wa wani a bayansa. Kafin wata ya ƙare Nasiru ya fara aiki. Gidanmu aka yi guɗa, aka yi waina aka raba wa maƙwabta, har gidan Malam Bulus aka kai, ya kuwa shigo ya yi mana murna ya dafa kan Nasiru ya sa masa albarka. Tsuntsuwar kuwa ba ta kai damina ba. Mai gadin ne ya gaya mini da na koma na tambaya, ya ce ta daina cin abinci, wata safiya aka tsince ta bayan janareta aka jefar. Na gaya wa Baffanku, ya ce, to sai me, aikin ai bai mutu ba.

Kun ga dalilin da ya sa idan kuka taru da Sallah kuka tafi Ƙofar Atiku kuna yi wa Baffa godiya, wai shi ya tsamo gidanmu, nake cewa ƙafata na ciwo. Ba na ƙin ku gode masa, ya yi abin da ya iya, irin nasa taimakon ke nan. Abin da ba na iyawa shi ne in zauna in ga yana murmushin nan, domin shi kaɗai ne a duniya ya ga yadda na ɗora basilla a kan takarda, kuma duk sanda muka haɗa ido sai in ga yana tunawa. Nasiru, kai kuma kada ka ɗauki wannan a kanka. Ba ka roƙe ni ba. Da za a mayar da ni ranar, ga jakarka a ƙarƙashin gado, ban san abin da zan yi ba, kuma wannan rashin sanin ya fi komai ci mini rai. Haushina yana kan garin da sai an kai wa mai ƙoshi abin wasa kafin yaro mai takarda ya ci abinci, yana kan Baffanku, amma mafi yawansa a kaina yake.

Malam Bulus bai taɓa yi mini gori ba. Mun ci gaba da gaisawa ta kan katanga, naman layya na shiga gidansa, shinkafarsa na shigowa namu. Da Innarku ta kwanta asibiti shi ya yi ta jigilar abinci a babur. Sai dai ranar Asabar ina kwance ina jin ya tayar da babur, ya ɗan tsaya yana ɗumama shi daidai ƙofata, sannan ya wuce. Ba a sake buga ƙofar ba. Da shamuwa ta sauka na share zaure na jira shi da littafina, ya leƙo ya ce nasa bai kammala ba tukuna. Bai kammala ba har shekara bakwai. Na ɗan ci gaba ni kaɗai, ina rubuta kurciya da hasbiya da balbelar bakin kwata, ba mai dubawa, ba mai sa hannu, har na gaji na daina. Na je giginyun nan sau biyu a ƙafa, ban tarar da komai ba sai shanu.

Da ya yi ritaya ya tashi komawa garinsu, ni na raka shi tasha. An ɗaure kaya a saman mota, matarsa ta riga ta shiga, ana jiran mutum biyu a cika. Muka tsaya a inuwar wata rumfar mai shayi. Na ga in ban yi magana yanzu ba, sai a lahira.

"Malam Bulus, littafin nan nawa. Ni na buɗe shi na bar ma yayana."

"Na sani, Sarkin Dukawa. Tun ranar na sani."

"Ka yahe mani."

"Na yafe tun tuni. Nasiru ai ɗana ne. Da nawa ne ya haɗa jaka, wa ya san abin da zan yi?"

Sai na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Har na yi dariya, har na tsokane shi na ce ya tsufa bai bar warin alli ba. Daɗi ya ɗebe ni, na ɗauka komai ya koma yadda yake, na tambaye shi abin da shekara bakwai nake son tambaya.

"Wadda ta tsira, ka ƙara ganinta?"

Fuskarsa ta washe kamar ta yaro.

"Na gan ta. Shekara biyu ba ta zo ba, sannan ta dawo, ta sauya wuri. Ta samu wani. Bara su uku na gani, da ɗansu, ƙafafu kamar tsinke."

"Allahu akbar! Nan kusa? Ina?"

Ya buɗe baki, na ga maganar ta zo har leɓensa. Sai ya tsaya. Ya dube ni, ba da fushi ba, wallahi da tausayi ma ya dube ni. Kwandasta ya buga jikin mota yana kiran a shiga. Ya kama hannuna da hannayensa biyu ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

"Ka gaida gida, Malam Umaru. Ka gaida Inna da yara."

Ya shiga ya zauna wajen taga, motar ta tashi, yana ɗaga mini hannu har suka fita ƙofar tasha. Gaurakin suna nan wani wuri a fadamar garin da aka haife ni, su uku ko fiye yanzu, tafiyar da ba ta fi ta safiya ɗaya ba daga inda nake zaune ina rubuta muku wannan. Bai gaya mini ba. Kuma da ni ne shi, ni ma ba zan gaya wa Umaru ba.